Keken Da Minti Uku Ya Sayo

"Ni fa, duk abin da ya wuce minti uku a duniyar nan ɓata lokaci ne!"

Da wannan maganar mijin yayata yake buɗe baki, da ita kuma yake rufe shi, idan Allah ya sa ya rufe. Wanka minti uku. Cin abinci minti uku, har sai ka tausaya wa cokali. Aski ma, idan mai aski ya kuskura ya shiga minti na huɗu, tashi yake yi da rabin kai ya ce a ƙarasa mako mai zuwa. Shi ya sa a layinmu, daga mai shago har mai wankin mota, ba wanda ke tuna sunansa na yanka. Minti Uku kawai ake cewa. Shi kuma, da yake Allah ya hore masa ƙaton kai, sai ya ɗauka sarauta aka naɗa masa.

Aikinsa buga hatimi a wani ofis. Shekara goma sha ɗaya yana bugawa, bai taɓa karanta takarda ko ɗaya ba. An ce wata rana ya buga wa takardar da aka ƙunso masa burodi hatimi, ya sa hannu, ya tura ta ofishin gaba.

Yayata kuwa tela ce, kuma ruwa ne ita inda shi yake wuta. Ɗakin ɗinkinta a gaban gida yake, ƙofarsa na kallon titi. Tebur ɗaya, dogon madubi mai tsaga a kusurwa, gwangwanin fil, dutsen guga, da wani tsohon baƙin keken ɗinki da ya kusa girme ni. Ni ne autan gidanmu, mai gyaran waya a bakin titi, kuma duk abin da zan gaya maka a gaban idona aka yi shi. Wani ma da hannuna.

To, shugabar wata makaranta ta ba Yaya ɗinkin rigunan ɗalibai guda talatin. Ta ce ranar Lahadi da yamma za ta zo da kanta ta karɓa, kuma idan aikin ya yi mata, duk shekara Yaya ce telar makarantar. Shekara uku Yaya na neman irin wannan ƙofa. Ta yanka yadin duka, ta jera, ta ɗinka shida. Ranar Litinin da hantsi, a kan riga ta bakwai, baƙin keke ya yi wani ƙara, ƙarrr-ƙwas, ya tsaya cik. Ta kira mai gyaran keke, aka ce ya yi tafiya sai Juma'a.

Yaya ta ce to, dama lokacin sabo ya yi. Ta ɗauko littafi da biro, ta buɗe kasuwar nan ta intanet a wayarta, ta ja layi-layi: nauyin keke, irin yadin da yake iya ci, ko ana samun kayan gyaransa a kusa.

Talata da yamma ina zaune ina shan shayinta, sai ga Minti Uku ya faɗo ɗakin kamar an jefo shi.

"Uwargida, jarrabawa za ki rubuta ne?"

"Keke nake nema, Maigida. Uku na ware. Ina so in kalli bidiyon kowanne, gobe in tambayi malamar da ta koya mini ɗinki."

"Gobe! Inna lillahi! Kwana biyu a kan keke ɗaya? Mota ce? Jirgi ne?" Ya juyo gare ni. "Kai Auta, injiniyan ƙarya, buɗe agogon wayarka. Yau zan ba ku darasi kyauta."

Ni kuwa ba a gayyatata kallon wasa sau biyu. Na danna agogo.

Ya zaro tasa wayar yana shafa gilashi da yatsa kamar mai korar ƙuda. Yaya ta leƙa.

"Tsaya mana, ba ka karanta bayanin mai kayan ba."

"Kin taɓa jin mai kaya ya ce kayansa ba kyau? Tsallake!"

"To a kwatanta shi da sauran."

"Kwatance aikin marasa aikin yi ne. Tsallake!"

"Ga sharhin mutane sama da ɗari biyu a ƙasa."

"Mutum ɗari biyu! Taron siyasa muka kira? Uwargida, ki saurara, ga sirrin da manya ke ɓoyewa. Mutum ɗaya ake nema, gwani. Kin ga wannan mai tambarin zinare kusa da sunansa? Kasuwar ba ta ba kowa tambarin nan sai wanda ya rubuta sharhi ɗari. Shi ya riga ya sha mana wahalar. Mu namu dannawa."

Kasuwar ba ta nuna cikakken sunan mai sharhi, harafin farko da na ƙarshe kawai take bari. Na wannan gwanin S ne a gaba, i a baya. Minti Uku ya gyara murya ya karanto mana abin da S ya rubuta a kan wani keke ruwan hoda:

"Wannan ba keke ba ne, jirgin sama ne. Na ɗinka fata da shi, na ɗinka tamfol, har takalmin maƙwabcina na ɗinke. Matata, wadda mita ce abincinta safe da yamma, tunda na sayo mata shi ta yi tsit kamar an cire mata batir. Saya kawai, kada ka tsaya tunani."

Ya ƙyalƙyale da dariya har yana dukan cinya. "Allah sarki bawan Allah! Ya haɗu da mai mita. Amma kun ji Hausa? Kun ji hikima? Wannan mutumin da a kusa yake, da na yi abota da shi."

Yaya ta ce, "Mutumin da ke tallar matarsa a gaban duniya, shi za ka ba amanar kekena?"

"Ba aurensa za ki yi ba, keke ya sani." Ya danna. "Auta, tsayar!"

"Minti biyu da sakan arba'in."

Ya ɗaga hannu sama kamar ɗan dambe. "Da canjin sakan ashirin! Uwargida, ki ajiye littafin nan ki kunna wuta da shi."

Ranar Alhamis mai kawo kaya ya iso. Abin da ya fara ba ni tsoro, da yatsa biyu ya riƙo kwalin. Muka buɗe. Keke ne kam, girmansa daidai, sai dai roba ce tun daga kai har gindi, kuma idan ka yi atishawa kusa da shi sai ya matsa. Yaya ta juya shi, ta leƙa ƙasansa, ta sake leƙawa.

"Ina wurin zaren ƙasa?"

"Wane zaren ƙasa?"

"Keke zare biyu yake ci, Maigida, na sama da na ƙasa. Su ke ƙulle juna. Zare ɗaya ba ya riƙe ɗinki, ana jan bakinsa zai warware."

"Wannan tsohon yayi ne. Na zamani zare ɗaya ya ishe shi. Zare biyu ɓata lokaci ne."

"Abin takawa fa?"

"Maɓalli gare shi. Matsa ki gani."

Maɓallin nan, abokina, abu biyu kawai ya sani: mutuwa da hauka. Minti Uku na dannawa keken ya ɗauki kuka kamar injin niƙa, ya fara rawa, ya kama hanya a kan tebur. Ya ture kofin shayi. Ya bangaje gwangwanin fil, fil suka watse ko'ina. Ya nufi bakin tebur zai yi tsalle, Minti Uku ya faɗa kansa ya danne shi da ƙirji, su biyun suna karkarwa tare, haƙoransa na kaɗawa.

"K-k-kun ga ƙ-ƙarfi?"

Ya cire bel ɗin wandonsa ya ɗaure keken da tebur. Aka sa ƙyallen yadin makaranta don gwaji. Ƙwas! Allura ta karye, guntunta ya tashi ya ƙara wa madubi tsaga ta biyu. Allura uku aka sako a kwalin, kuma in ba shi haƙƙinsa, a cikin minti uku ya gama da su.

Yaya ta ja da baya. Ta zauna a kan kujera tana kallon yankakkun riguna ashirin da huɗu da ke jere.

"Laifin allura ne," in ji Minti Uku yana haki. "Bari mu ga wace allura gwanin namu ya yaba."

Ya danna sunan S, shafinsa ya buɗe. Sharhi ɗari cif, kowanne tauraro biyar. Na leƙa ta kafaɗarsa muna karantawa tare. S ya yabi ragar kamun kifi. Ya yabi kwalbar shayar da jariri. Ya yabi haƙoran roba, ya ce tunda ya sa su ƙashi yake taunawa kamar biskit. Ya yabi keken guragu. Ya yabi takalmin ƙwallo, ya ce ranar da ya fara sa shi bakwai ya zura a raga.

Yaya ta ɗago. "Tsoho mai haƙoran roba, a kan keken guragu, ya ci ƙwallo bakwai?"

"Shi ya sa nake ce miki gwani ne."

"Kuma duka ɗarin rana ɗaya ya rubuta su. Dubi kwanan watan."

"Kaya ɗari a rana ɗaya! Attajiri ne mai saurin tunani. Irinmu ba mu da yawa."

Ni kuwa a daidai haƙoran robar nan wani abu ya faɗo mini a rai, har sai da na toshe baki da hula. Matso kusa, abokina, wannan tsakanina da kai ne.

Shekara biyu da suka wuce, wata Asabar, Minti Uku ya zo rumfata ya zauna a benci. A lokacin kasuwar ta yi shela cewa duk wanda ya rubuta sharhi ɗari za a ba shi tambarin zinare. Mutane sukan yi shekara suna tarawa. Shi ya ce kafin rana ta faɗi zai gama. Ya zauna yana zuba yabo a kan kayan da bai taɓa gani ba ko a mafarki. Maganar tauna ƙashi kamar biskit ma, ni na ba shi ita. Bayan mako guda ya zauna a kan wayar, gilashi ya fashe, ya kawo mini gyara. Na ce ya dawo bayan awa ɗaya. Ya ce awa ɗaya! Ya tsallaka titi ya sayi sabuwa. Lambar sirrinsa ta ɓace masa, ya ce nemo ta ɓata lokaci ne, ya buɗe sabon shafi. Tsohuwar wayar kuwa tana nan a durowata, ƙarƙashin tulin caja. Sunan da ya sa wa kansa a tsohon shafin: Sarkin Sauri. S a gaba, i a baya.

Wato mutumin nan, a duk faɗin duniya, mutum ɗaya ya zaɓa ya yarda da shi, kuma ya zaɓi wanda ya fi kowa rashin sanin keke.

Na faɗa? Haba dai. Ka taɓa ganin an ba mutum irin wannan kyauta ya mayar?

Minti Uku ya sayi allurar da S ya ce tana huda ƙarfe. Wannan karon minti ɗaya da rabi.

Amma kada ka ɗauka ba ni da zuciya, yayata ce fa. Ranar Juma'a na ɗauki baƙin keke daga lungun da Minti Uku ya jefa shi, na kai wa mai gyara da ya dawo. Ya buɗe ya ce wani ɗan ƙarfe mai haƙora ne ya cinye, zai nema, watakila Lahadi, watakila Litinin. Ban gaya wa Yaya ba don kada in sa mata rai a banza. Daga nan na koma rumfa na zaro tsohuwar waya. Sabon gilashi, sabon batir, na haɗa ta da intanet. Sannan na shiga cikinta na kunna wani abu da aka yi don masu raunin gani: duk saƙon da ya shigo, wayar ta karanta shi da baki. Na ƙure sauti.

Allura ta iso Asabar da yamma, kauri kamar ƙusa. Yaya ta kalle ta sau ɗaya ta ce, "Maigida, don girman Allah, kada ka taɓa mini yankakkun rigunan nan." Lahadi da sassafe ta tafi can ƙarshen gari wurin malamarta, ko za a ara mata keke.

Tana fita Minti Uku ya naɗe hannun riga.

"Auta, yau za a san waye maigida."

"Yallaɓai, ta ce kada ka taɓa."

"Mata haka suke faɗa, daga baya su yi godiya."

Ya fara da gwaji. Akwai wani yadin wando nasa da Yaya ta yanka tun tuni ba ta samu sukunin ɗinkawa ba. Ya cusa shi a keke, ya danna hauka. Ya gangara ƙafar dama, ya hauro, ya zaga ƙugu, ya gangara ta hagu, bai yanke zare ko sau ɗaya ba, wai yanke zare ɓata lokaci ne. Ya shiga ciki ya sako wandon, ya fito yana juyi a gaban madubi. Ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, amma ya ce yayi ne.

Daga nan ya afka wa rigunan makaranta. Na yi magana sau biyu, ya ce idan na ƙara zai ɗinke mini baki. Kafin azahar ya gama ashirin da huɗu, ya goge, ya ninke, ya jera a kan na Yaya guda shida. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da yamma Yaya ta dawo hannu wofi, keken malamarta na kan aiki. Ko mayafi ba ta cire ba sai ga mota ta tsaya. Shugabar makaranta ce, mace mai cika ƙofa, tabarau rataye a wuya da sarƙa, irin matan da idan suka kalle ka sai ka duba ko farcenka a yanke yake.

Yaya ta fara, "Ranki ya daɗe, wallahi wata matsala ce ta..."

"Babu matsala!" Minti Uku ya miƙe. "Talatin cif, ranki ya daɗe. Da taimakon fasahar zamani da kuma wannan bawan naki."

Yaya ta kalli tulin rigunan, ta kalli keke ruwan hoda ɗaure da bel, ta dafa bango.

Shugaba ta sa tabarau. "Yaranmu ba tafiya suke ba, tsalle suke. Don haka ni sai na ja riga kafin in karɓa." Ta ɗauki ta sama. Ta ga ɗan zare na leƙe a hammata, ta ja.

Firrrrt!

Hannun riga ya faɗi ƙasa. Kwala ta rage a hannunta. Gaba ya rabu da baya kamar sun yi faɗa. Ta ɗauki ta biyu. Firrrt. Ta uku ma ba ta ja ba, girgiza ta kawai ta yi, aljihu ya sauka a kan takalminta.



"Yadin ne," in ji Minti Uku. "Yadin yanzu ba shi da..."

"Ni na sayo yadin," in ji Shugaba.

"A'a, yadi kam mai kyau ne. To yankan ne. Kin san uwargida ba ta saba da kayan zamani ba, yankanta na tsohon yayi ne."

Na ga idon Yaya ya kawo ruwa. Shekara ashirin tana riƙe da almakashi. Shugaba ta saki tabarau ya faɗa ƙirjinta, ta ɗauki jaka.

"A haɗa mini yadina. Zan nemi wani tela."

A nan ne na ce lokaci ya yi.

"Ranki ya daɗe, ki ba mu minti uku kacal." Na juya ga mutumina. "Yallaɓai, ni a ganina ba laifinka ba ne, ba na Yaya ba ne. Wancan S ɗin ne ya cuce ka. Mutum mai daraja irinka, a yaudare shi a gaban baƙi? Da ni ne, yanzun nan zan ba shi amsa a ƙarƙashin sharhinsa, Shugaba ta zama shaida."

Ya cafke maganar kamar wanda ruwa ya ci aka miƙa masa sanda.

"Yauwa! Ranki ya daɗe, wani ɗan damfara ne a intanet. Tsaya ki ga yadda ake ladabtar da irinsu."

Ya zaro waya, yana rubutawa yana huci. Bai karanta abin da ya rubuta ba, ka san hali. Ya danna aikawa, ya buga wayar a tebur.

"Ya ji a jikinsa, duk inda yake!"

Tiririn!

Daga aljihuna ne. Sai wata muryar mace ta na'ura, a natse, ba fushi ba dariya, ta cika ɗakin:

"Sabon saƙo zuwa ga Sarkin Sauri. Kai S, maƙaryacin duniya, mai kan kabewa. Na rantse ba ka taɓa ganin keken nan da idonka ba. Ka zauna kana rubuta shirme kana kashe wa mutane sana'a. Matarka tana da gaskiya da take mita. Allah ya ba baiwar Allah ladan zama da sakarai irinka."

Minti Uku ya buɗe baki. "Kai, ya aka yi saƙona ya shiga aljihunka?"

Na zaro wayar na ajiye a tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. A fuskarta ga hoton mutumina, baƙin tabarau, babban yatsa a sama. Na buɗe shafin. Sarkin Sauri, ga tambarin zinare na ƙyalli, ga sharhi ɗari.

"Wayarka ce, Yallaɓai. Ka ce awa ɗaya ta yi maka yawa. To ga ta, an gama gyara."

Ya kalli wayar. Ya kalli tasa. Ya sake kallon wayar. Wallahi ina ganin lokacin da abin ya sauka a ƙwaƙwalwarsa, kamar guga a rijiya mai zurfi.

Shugaba ta mayar da tabarau, ta ɗauki wayar, ta shafa ƙasa.

"Bawan Allah, kai ne mai haƙoran roba?"

"Ranki ya daɗe, wato..."

"Kai ka ci ƙwallo bakwai?"

Kafaɗunta suka fara rawa. Ta nemi kujera ta zauna, jaka ta faɗi, ta yi dariya har tana share hawaye da hannun rigar da ya ɓalle. "Wayyo cikina! Ya yi wa kansa ƙarya, ya yarda, ya saya, ya zagi kansa! Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibi irin wannan ba!"

Yaya kuwa ba ta yi dariya ba. Ta matso a hankali.

"Maigida."

"Na'am, uwargida, ranki ya daɗe."

"Mita ce abincina?"

"Salon rubutu ne kawai..."

"Safe da yamma?"

"Ai kin ji da kunnenki, yanzun nan na ce kina da gaskiya!"

"An cire mini batir."

Sai ga sallama a ƙofa. Mai gyaran keke ne, rungume da baƙin keke, yana cewa an samu ƙarfen, yanzu sai ya ƙara shekara ashirin. Yaya ta kalle ni. Na kalli silin. Ta kama kunnena ta murɗa, ta ce wannan ladan ɓoye mata da na yi ne, sannan ta shafa kaina.

Shugaba ta zaro ɗaya daga rigunan ƙasa, cikin shidan da Yaya ta ɗinka da hannunta. Ta ja hammata, ta ja kwala, ta sa gwiwa ta ja da ƙarfinta duka. Ko motsi.

"Wannan shi ne ɗinki. Na ba ki zuwa Alhamis, kuma aikin shekara naki ne. Sharaɗi ɗaya: wannan bawan Allah kada ya ƙara taka ɗakin nan."

"Ko inuwarsa," in ji Yaya.

Minti Uku ya ga ba sauran wurin tsayawa. Ya gyara kwala, ya ɗaga haɓa, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na girma.

"To, ni dama ina da wani muhimmin taro. Kun riga kun cinye mini fiye da minti uku."

Ya juya. Ka san idon tela. A bayan ƙugun sabon wandonsa wani ɗan zare na leƙe, yana kaɗawa kamar yana gaisuwa. Yaya ta miƙa yatsa biyu ta kama bakinsa. Ba ta ja ba, Allah ya gani, riƙewa kawai ta yi.

"Auta," ta ce a hankali, "agogo."

Na danna.

Mutumina ya taka da sauri irin nasa. Taku na farko, ƙugu ya saki. Na uku, ƙafar hagu ta buɗe tun daga sama har ƙasa. Ya ji iska, ya ƙara sauri, zare ya ƙara gudu. Yana sa ƙafa a titi, a gaban mai shago da mai wankin mota da mutum biyar masu jiran mota, wando ya rabu gida huɗu ya kwanta a ƙasa, ya bar shi tsaye da gajeren wando da takalmin ofis.

Na tsayar da agogo. "Sakan tara!"

Yaya na naɗe zaren a yatsa, ta leƙa ta ƙofa. "Sannu Maigida. Wannan kam ko kai ba ka taɓa yin irin saurinsa ba."

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Minti Uku a layinmu. Sakan Tara ake kiransa. Kuma a karon farko a rayuwarsa, bai ɗauka sarauta ba ce.